Igiyar da Ta Fito da Dagi

Akwai wani mutum a wani ƙauye, ɗan mai haƙa rijiya. Ba zan faɗi sunansa ba, kada wani takwaransa a cikinku ya ɗauka da shi nake, ya ƙi zuwa sujada mako mai zuwa. Mahaifinsa dai sunansa Irmiya, dattijo ne wanda rabin rijiyoyin yankin da hannunsa aka haƙa su. Amma tsufa ya kama shi, gwiwa ta ƙi, ba ya iya sauka rami kuma. Rijiyar gidansu kuwa ta ƙafe shekara biyu ke nan. Matar mutumin nan, Damaris, ita ke ɗaukar tulu ta tafi rafi tun da sassafe, ta tona yashi, ta zauna jiran ruwa ya tsattsafo, ba ta dawowa sai rana ta take.

Da aka gama kaka aka kai hatsi rumbu, Baba Irmiya ya kira ɗansa, ya kai shi bayan gida, kan wani tudu kusa da gawo. Ya buga sandarsa a ƙasa.

Ya ce, "Ɗana, a nan za ka haƙa. Ƙasar nan marmara ce, za ta ba ka wuya, ruwan kuma yana da nisa, sai ka yi gaba goma sha biyar. Amma ba za ta rufta ba har zamanin jikokinka. Aikin wata uku ne. Ka fara yanzu, ka gama kafin damina."

Ɗan ya ce, "To, Baba."

Wannan kalma ba ta taɓa yi masa nauyi a baki ba. Kuma kada ku ɗauka mugun mutum ne. Ba ya sata, ba ya sha, ba ya dukan matarsa. Ranar Lahadi yana gaba-gaba a majami'a, muryarsa ta fi ta kowa a waƙa. Abu ɗaya ne damuwarsa: kullum yana ganin akwai sauran lokaci.

Da farko ya ce bari a yi Kirsimeti tukuna, ba a fara babban aiki da biki a gaba. Aka yi Kirsimeti. Sai bukukuwan aure suka taso, shi kuwa ba a ɗaura rumfa ba shi. Bayan nan ya ce sanyi ya yi yawa, ƙarfe yana cin hannu. Da sanyi ya wuce samari suka fita farauta, ya bi su. Sauran kwanakin kuwa a gindin tsamiyar kasuwa ya ƙarar da su, wajen dara. Abin dariya, duk inda ake haƙa rijiya a ƙauyen za ka same shi tsaye a baki, hannu a baya, yana ba da shawara. Shawarar kuma daidai ce, gama ya san aikin.

Wata rana mahaifinsa ya ce masa, "Ɗana, wata biyu sun tafi."

Ya ce, "Ina sane, Baba. Ni fa in na fara ba na wasa."

Tsohon ya dubi sama kawai ya koma ɗaki.

Ana nan, ana nan, zafin bazara ya sauko. Gawon nan na bayan gida ya fara zubar da ganye, shamuwa ta iso ta hau kan kuka tana gyara sheƙa. Ko yaron goye a ƙauyen ya san abin da wannan ke nufi, ruwa ya kusa. Ranar wata kasuwa mutumin yana zaune wajen dara, sai ga Damaris ta taso daga rafi da tulu a kai, tana ɗingishi, ƙafarta ta tsage saboda zafin hanya. Wani abokin wasansa, Filibus, ya dube ta, ya dubi ramukan dara da ke gabansu, ya ce, "Kai, a bar ka da haƙa! Ga rami talatin ka haƙa mana bana, ko ɗaya ba ruwa."

Aka fashe da dariya. Mutumin ya yi yaƙe, amma maganar ta shige shi har ƙashi. Abin da hawayen matarsa da gargaɗin mahaifinsa ba su yi ba, dariyar mutane ta yi shi nan take. Ya watsar da 'ya'yan dara ya tafi gida, ya ɗauki diga da dagi da kwando.

Sai dai bai nufi tudu ba. Ya yi lissafi a ransa: aikin wata uku ba zai shiga cikin mako uku ba. Amma can gangaren gida akwai kwari, inda ruwan damina yake bi, ƙasar wurin yashi ce da yumɓu, mai laushi, ruwa kuma kusa. Bai tambayi kowa ba. Ya zana da'ira a ƙasa ya fara sara.

Baba Irmiya ya ji ƙarar diga, ya dogara sanda ya gangaro. Ya tsaya ya daɗe yana kallon wurin.

"Ba nan na nuna maka ba."

"Baba, lokaci ya ƙure. A nan kwana goma sha biyar na ga ruwa."

"Ka koma tudu. Ka haƙa abin da ka iya, in damina ta sauka mu rufe bakin, baɗi ka ƙarasa. Kunyar shekara ɗaya ba ta kashe mutum."

"Ni ba zan ƙara zama abin dariya a kasuwa ba."

Tsohon ya roƙe shi har sau uku, ya ƙi. Da yake uba ne, bai juya ya tafi ba. Ya aiki Damaris ta ɗauko masa igiyoyinsa da kujerarsa, ya zauna a bakin ramin.

To, masu haƙa rijiya suna da doka, kuma sai kun gane ta za ku gane labarin nan. Igiya biyu ake saukarwa. Ɗaya ta kwando ce, ta fitar da ƙasa. Ɗaya kuwa a ƙugun mai haƙa ake ɗaura ta, ƙarshenta yana hannun wanda ke zaune a sama. In na sama ya ja sau ɗaya, tambaya ce: lafiya? Na ƙasa ya ja sau ɗaya ya amsa. Amma in an ja sau uku, ba tambaya ba ce. Ajiye kome za ka yi, ka taka matakan da ka sassaƙa a jikin bango, ka hau. Dalili kuwa, wanda ke cikin rijiya ba ya ganin duniya. Sararin saman da yake gani bai wuce faɗin faifai ba. Na sama ne idonsa. Tun ɗan yana yaro Baba Irmiya ya koya masa ƙullin igiyar nan, ya kuma gaya masa ba a kwance ta sai ƙafa ta taka waje.

Aiki ya yi sauri, gama ƙasar ba ta gardama. Damaris tana jan kwando tana zubarwa, tsoho yana riƙe da igiyar ƙugu. Cikin kwana goma sha biyu mutumin ya yi gaba takwas. Mutanen kasuwa suka fara zuwa leƙe, har Filibus ya ce ya janye maganarsa. Ran mutumin ya yi fari ƙwarai.

A rana ta goma sha uku, bayan tsakar rana, iska ta ɗauke cak. Ko ganye ba ya motsi. A ƙasa kuwa mutumin ya kafa dagi, ya zaro shi, sai ya ga bakin ƙarfen da laima. Ya damƙi yashin, ya ji sanyi a tafin hannunsa. Zuciyarsa ta buga don murna. A daidai wannan lokaci ya ji an ja igiyar ƙugunsa. Ɗaya. Biyu. Uku.

Muryar mahaifinsa ta gangaro masa kamar daga cikin tulu: "Ɗana, hau! Gabas ta yi baƙi!"

Ya ɗaga kai. Faifan saman da ke bisansa fari fat, ko ɗigon girgije babu.

"Baba, ni ban ga kome ba! Na kai laima, saura kaɗan!"

"Ba za ka gani daga nan ba. Hau, na ce!"

Igiya ta sake fizgarsa sau uku, har ta goge masa fata. Ya kai diga zai sara, aka sake ja, saran ya kauce. Ransa ya ɓaci. Ya ce a zuci, tsohon nan tsoro ya yi masa yawa, kamu biyu kawai ya rage. Amma ya san in ya kwance igiyar ya sake ta, mahaifinsa zai ji ta yi sakwaf, ya tara masa jama'a. Sai ya yi dabara. Ya kafa dagin nan cikin yumɓu a gefe ɗaya, ya buga shi ya shiga sosai, ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya ɗaura wa dagin, da ƙullin nan da aka koya masa. Ya koma ɗaya gefen da digarsa, ya ci gaba da haƙa ba mai damunsa.

A sama tsoho yana ja yana jin nauyi. Ya ce a ransa, yaron yana da taurin kai, amma dai yana ɗaure. Ya ce wa Damaris, wadda ta fito da kwando ke nan, "'Yata, ajiye wannan. Ruga ki kira maza, ko yana so ko ba ya so fito da shi za mu yi."

Mutumin yana cikin haƙa sai ya ga hannunsa ya daina ganuwa sosai. Ya ɗaga kai. Faifan nan fari ya zama baƙi ƙirin. Ya ji wani ruri a sama wanda bai san ko iska ba ce ko aradu. Sai yashi ya fara zubo masa a wuya, siriri, ba tsayawa. Duk mai haƙa rijiya ya san wannan yashi, ya kuma san abin da ke biye da shi.

Ruwan farko ne na shekara, ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ƙasa ta bushe ta ƙeƙashe, ba ta sha ba, sai duk ruwan tudu da na bayan gidaje ya taru ya bi hanyar da ya saba bi kowace shekara, ya nufi kwari. Jan ruwa ya kwararo ta bakin rijiyar ya sauka a kan mutumin. Ya yar da diga, ya kai ƙafa kan mataki na fari, matakin ya narke. Ya kama na biyu da hannu, ya taho masa a tafi. Ya faɗi da baya. Kafin ya miƙe, bangon da ke bayansa ya zame, ya danne shi har cinya.

Sai a lokacin ya tuna da igiya. Tana nan a gabansa, ɗaure da dagi, a ɗaya gefen ramin. Ya miƙa hannu, ya miƙa har kafaɗarsa ta yi ƙara. Tsakanin yatsunsa da igiyar bai kai kamu ɗaya ba. Ruwa ya kai masa ciki. Ya yi ihu, "Baba! Baba!" amma rurin ruwa ya haɗiye muryar.

Maza huɗu suka iso a guje, har da Filibus. Baba Irmiya ya miƙa musu igiya ya ce, "Ku ja! Yana ɗaure, ku ja!" Suka kafa ƙafa cikin taɓo suka ja. Da fari ta yi nauyi ƙwarai, suka ce madalla. Sai ta fizgo, ta yi sauƙi, har suka kusa faɗuwa. Tsohon da ya shekara arba'in yana jan mutane daga rami ya ji a hannunsa, ya ce da ƙaramar murya, "Wannan ba nauyin mutum ba ne."

A ƙasa kuwa mutumin yana kallo, dagin ya tumɓuke daga yumɓu, ya wuce ta gaban fuskarsa yana lilo, ya yi sama ya bar shi.

Abin da ya fito bakin rijiya ke nan: guntun ƙarfe, da ƙulli mai kyau a wuyansa. Damaris ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Baba Irmiya ya faɗa kan igiyar yana ƙoƙarin kwance dagin, ƙullin ya jiƙe ya ƙi. Filibus ya wawuri igiyar kwando ya jefa. Ba ta kai rabi ba gefen gabas na rijiyar ya tafi gaba ɗaya, da wata ƙara mara ƙarfi, kamar an ajiye buhu. Suka ja da baya don kada ta tafi da su. Daga nan ba a ƙara jin murya ba.

Na so ƙwarai in ce muku an fito da shi da rai. Duk lokacin da na ba da misalin nan sai wani ya tare ni a ƙofa ya ce, Malam, ai da ka bar shi ya tsira. Ba a fito da shi da rai ba. Kwana biyu mutanen ƙauye suna tono kafin su kai gare shi, suka same shi hannunsa a miƙe.

Ma'anar wannan misali ita ce: ranin nan kwanakin da Allah ya ba kowannenmu ne. Yana da tsawo, ya isa aikin da aka ba mu, amma an auna shi, ba a kuwa gaya mana ranar da ruwan farko zai sauko ba. Mutumin nan bai kashe raninsa a kan mugunta ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Biki ba zunubi ba ne, hira da abokai ba zunubi ba ce. Amma sun cinye wata uku da aka ba shi domin abu ɗaya, ya wayi gari ba shi da su.

Tudun nan nufin Allah ne. Sau da yawa yana da tauri, yana cin lokaci, ba mai tafa maka sa'ad da kake sarar marmara. Ku lura da yadda abu ɗaya ya haifi ɗaya: da mutumin bai ɓata lokaci ba, da kwari bai ba shi sha'awa ba. Wanda ya makara shi ne ke neman gajeriyar hanya. Haka mutum zai yi shekaru bai durƙusa ya tambayi Ubangiji kome ba, sa'an nan rana ɗaya a yi masa dariya, ya zabura ya yi aure, ko ya shiga wata sana'a, ko ya kwashi iyali ya yi ƙaura, duk cikin mako guda, don a daina yi masa dariya. In ka tambaye shi ko ya yi addu'a, sai ya ce ai ba lokaci.

Mu duka a cikin rijiya muke, 'yan'uwa. Abin da muke gani na gobe bai kai faɗin faifai ba. Kana duban lafiyar jikinka, da hatsin rumbunka, ka ce sama fari fat. Ba ƙarya ka yi ba, iyakar abin da ka gani ke nan. Amma akwai wanda yake zaune a sama yana ganin gabas da yamma. Ubanmu na sama ba tsoho ba ne mai ciwon gwiwa, ba a kuma ruɗinsa da dagi. Ta nan misalin ya gaza. Amma ta wajen ƙauna bai gaza ba: ko da muka ƙi tudu muka gangara kwari, bai tafi ya bar mu ba, ya zauna a baki da igiya a hannu. Igiyar ita ce Maganarsa, da addu'a, da Ruhunsa da ke fizgar zuciyar mutum ya ce, bar wannan, fito.

Ni ma an taɓa ja mini igiya. Mun yi faɗa da yayana Sila a kan iyakar gona, shekara uku ba ma gaisawa. Kullum na durƙusa addu'a sai in ji an ce, tashi ka je wurinsa. Na ce bayan girbi. Bayan girbi na ce sai bikin Ista. Da abin ya dame ni, sai na daina doguwar addu'a, ina yin gajeriya in tashi da sauri. Ina nan ina koyar da ku kowace Lahadi a lokacin, ba wanda ya sani. Ran da na je gidan Sila a ƙarshe, gawarsa na tarar.

Saboda haka ba wanda ya tsinke igiya a fili nake ji wa tsoro ba. Shi kowa ya san halin da yake ciki, ana yi masa addu'a, ana binsa. Wanda nake ji wa tsoro shi ne mai dabara, wanda ya kwance ta a ɓoye ya ɗaura wa wani abu mai nauyi. Sunansa yana cikin 'yan ƙungiyar zumunta ta majami'a. Kujerarsa a majami'a ba ta taɓa zama ba kowa. In fasto ya ja, ya ji nauyi, ya ce ɗan'uwanmu yana nan daram. Matarsa ma haka take zato. Shi kuwa yana can ɗaya gefen ramin, yana haƙa abin da ransa ke so, yana cewa saura kaɗan.

Akwai ranar da za a ja igiyar kowa, ja na ƙarshe. Ba za a tambaye ka ko ka shirya ba. Abin da ke ɗaure da ita shi zai fito. In sunanka ne kawai a ɗaure, suna zai fito. In rigar ƙungiyar zumunta ce, riga za ta fito.

Shamuwa ta riga ta iso wa waɗansunmu, ba mu dai ɗaga kai ba ne. Amma yau, da kuke zaune kuna jina, bango bai zame ba tukuna, ƙafafunku a sake suke, igiyar kuma tana kusa, taku ɗaya ne. Wanda ya san an daɗe ana ja masa a kan wani abu, kada ya ce sai bayan girbi. Kafin mu rufe ido mu yi addu'a, kowa ya kai hannu ya shafa ƙugunsa, ya ji ko tana nan.